Wanda Bai Ɗauki Takobi Ba

A kasuwar Illela, ranar Lahadi, akwai wani mutum a kara da ke kama bijimai yana shigar da su mota. Baƙo ba zai dube shi sau biyu ba, sai fa in ya lura da kaurin wuyansa, da yadda yake jan ƙafar hagu. Mutumin wani ƙauye ne na bayan Ƙonni, ya kuwa yi shekara goma sha biyu yana kokawa. Ko na faɗi sunansa ba ku san shi ba, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Ku masu sauraron rediyo kun san kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. A zamanin nan jihohi takwas ke haɗuwa, kowace da 'yan kokawa goma, watau tamanin ke nan, takobi kuwa ɗaya tak. Mutuminmu sau biyu ya shiga goman Tawa, duka biyun tun kwanakin farko aka fitar da shi. Sauran shekarunsa a filayen ƙauyuka ya yi su, bayan kaka, inda ladan gwani bai wuce turmin atamfa ko ɗan rago ba.

Ba mu kaɗai ke da irinsa ba. A Amurka akwai wasan besbol, wanda ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya doke ta da kulki. Manyan ƙungiyoyinsa 30 ne, a ƙarƙashinsu kuma akwai ƙanana 120 tun gyaran 2021. Saurayi sai ya yi shekaru yana jifa a ƙananan garuruwa, yana kwana a mota, har kafaɗarsa ta lalace ba a kira shi sama ba.

To, jama'a, irin wannan mutum hasara ya yi?

Wansa ya ce hasara ce. Na ji shi yana ce masa, "Kai dai ka sayar da ƙuruciyarka, ka sayo kirari. Yau ina makaɗan?" Dā ni ma haka na gani, gama ni akawu ne, na saba da auna kome da abin da ya shiga da abin da ya fita. Amma da na yi tunani sai na ga littafina bai cika ba. Takobin nan, me ya ba shi daraja? Ai ba ƙarfen ba ne, maƙeri na iya ƙera goma. Darajarsa ita ce mutum saba'in da tara ɗin da suka nema da gaske suka rasa. Da ragwaye ne aka kayar, da ba wanda zai tashi tsaye don gwani. Ashe kowane kirari da aka yi wa mai takobi, akwai rabon waɗanda suka faɗi a cikinsa, sai dai ba a ba su. Ni kaina shekara ashirin ina cika littattafai wani na sa hannu, ban kuwa ɗauka zaman banza na yi ba.

Inda na ga laifinsa dabam ne. Bayan gwiwarsa ta goce ya san abin ya ƙare, duk da haka ya ƙara shekara uku, yana sayar da gero yana sayen layu, matarsa na cin bashin hatsi. Ƙarfinsa nasa ne, yana iya kashe shi inda ya so, amma geron nan hakkin iyali ne. Na faɗa masa haka a gaban idonsa, bai musa ba, sai ya ce, "Malam, wanda bai taɓa jin an kira sunansa da ganga ba, ba zai san wuyar bari ba."

Lahadin da ta wuce na tarar da shi bayan la'asar, an gama lodi, yana nuna wa wani yaro mai turo baro yadda ake ɗaukar ƙafa. Sau uku yaron yana kuskure. A na huɗu ya saki jiki, ya bar yaron ya kai shi ƙasa.