Ko Ragwanci Ne Soja Ya Faɗi Ciwon Zuciyarsa?

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka ci Mubi, a watan Nuwamba kuwa sojoji da maharba suka ƙwato ta. Bayan shekara guda, ran 17 ga Nuwamba 2015, bam ya tashi a tsakiyar taron mutane a Jimeta, ya kashe fiye da mutum 30. Mu da mu ke zaune a Alkalawa da sauran unguwannin Jimeta mun yi makokin matattu. Amma akwai waɗansu da ba mu ƙidaya ba: sojan da ya komo daga daji da ransa, da ɗan agajin da ya tattara gaɓoɓin mutane da hannunsa, da ma'aikaciyar jinyar da ta kwana cikin jini. A cikin irin waɗannan akwai wanda barci ya ƙaurace masa, ƙarar ƙofa ta kan firgita shi, ya kan yi wa matarsa da 'ya'yansa fushi ba dalili. To, idan mutumin nan ya tafi wurin likita ya ce zuciyarsa ba lafiya, ya zubar da mazakuntarsa ke nan?

Mun saba cewa namiji ba ya kuka. Lalle akwai gaskiya a ciki, gama a bakin daga dole ne soja ya haɗiye tsoronsa, in ba haka ba ya hallaka 'yan'uwansa. Amma abin da ke ceton rai a fagen yaƙi ya kan zama guba a cikin gida. Ingila ta koyi wannan a makare: a Yaƙin Duniya na Farko ta harbe sojoji 306 bisa laifin gudu da ragwanci da makamantansu, ba ta yafe musu ba sai a 2006, bayan an gane waɗansunsu ciwo ne ya kama su. Likitocin Amurka kuwa sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, suka shigar da wannan ciwon firgita a lissafin cututtuka.

Bari mu duba Littafin Ƙidaya, sura 31. Sa'ad da mayaƙan Isra'ila suka komo daga yaƙin Madayanawa, Musa bai bar su su shiga zango nan da nan ba. Duk wanda ya kashe mutum ko ya taɓa gawa sai ya yi kwana bakwai a waje, ya tsarkaka, ya wanke tufafinsa. Zancen tsarki ne, ba zancen asibiti ba, kada mu ɗora wa nassi abin da bai faɗa ba. Duk da haka ga abin lura: shari'ar ba ta ware matsorata ba, waɗanda suka ci nasara ne aka tsayar. Ashe wanda ya yi ma'amala da mutuwa ba ya komawa gida yadda ya fita. Haka kuma Iliya, cikin 1 Sarakuna sura 19, bayan nasararsa a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya roƙi mutuwa. Ba tsawa aka fara yi masa ba: barci ya yi, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, daga baya aka tambaye shi damuwarsa.

Saboda haka mun ga laifin shirun nan ba na soja kaɗai ba ne. Yana tsoron a ce da shi mahaukaci, a hana shi girma a wurin aiki, a hana ɗansa mata. Mu ne muka koya masa wannan tsoro. Tsohuwar dokar Nijeriya ta 1958 ma da sunan mahaukata ta san irin waɗannan marasa lafiya, sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwa wadda ta tsare mutuncinsu.

Waɗansu kan ce addu'a ta isa. Amma wanda harsashi ya karya masa ƙafa muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi wurin mai ɗori. Mai ba da shawara da ya ƙware ba ya tilasta wa mutum ya amayar da kome rana ɗaya. Yana saurare, yana rufa asiri, yana bin abin da ya faru da shi kaɗan kaɗan har tunawar ta daina kada shi. In ciwon ya yi nauyi sai ya miƙa shi ga likita, kamar na asibitin tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Maiduguri. Sau da yawa kuwa matar sojan ma tana bukatar a saurare ta, gama ita ce ke farke a gefensa sa'ad da ya zabura da tsakar dare.