Gudun Mai Ƙarfi: Hankali ne ko Ragwanta?

Ya 'yan'uwa, wanda duk ya zauna da samarinmu a Gangara, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, ya san yadda wayar hannu ta zama musu dandali. Akwai wasannin faɗa na intanet inda kowa yake ɗaukar surar wani jarumi, ya kara da mutanen da bai taɓa gani ba. A cikin masu yin su akwai wata ɗabi'a da ta cancanci nazari: mutum ya riƙa kauce wa gwanaye, har ya buɗe sabon suna kamar ɗan koyo, domin a haɗa shi da raunana ya yi ta kayar da su.

Da yawa daga waɗannan wasanni suna auna 'yan wasa da maki, bisa tsarin da Arpad Elo ya ƙirƙiro, wanda hukumar wasan ces ta duniya ta karɓa a 1970. Ƙa'idarsa ita ce, wanda ya kayar da na ƙasa da shi ba ya samun maki sai kaɗan, wanda kuwa ya kayar da na sama da shi makinsa yana ɗaguwa ƙwarai. Ashe ko lissafi ya shaida cewa darajar nasara tana ga nauyin abokin karawa.

Mu kuwa mutanen Maraɗi mun san wannan tun kafin zuwan waya. A 1975 aka fara gasar kokawa ta neman takobin ƙasa a Tawa, kuma ɗan jiharmu Yakuba Kantu ne ya ɗauke shi, har aka sa wa filin kokawa na Maraɗi sunansa. A wannan gasa jihohi 8 ne ke kawo 'yan kokawa 10 kowacce, kuma wanda ya sha ƙasa ya fita daga neman takobi. Babu hanyar kaiwa ga takobi face ta hannun ƙarfafa. Da ɗan kokawa zai tsaya a ƙauye yana kayar da yara, ba mai kiransa sarki.

To, wani zai ce ai magabata sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Gaskiya ne, amma wannan magana an yi ta ne domin inda rai ko dukiya ko zumunci suke cikin haɗari. A nan janyewa hankali ce, kuma mai jefa kansa ga halaka ba jarumi ba ne. Amma a wasa, mene ne mutum zai rasa? Ba jini, ba gona, sai dai suna. Don haka mai gudun gwani a wasa girman kansa kawai yake karewa, ya fi son a ɗauka shi gwani ne a kan ya zama gwanin.

Abin da ya fi muni shi ne neman raunana da gangan. Wannan ya haɗa laifi biyu: yaudara, domin ya ɓoye matsayinsa, da zalunci, domin ya ji daɗi da karya zuciyar ɗan koyo. Kuma zuciya ba ta rarrabe wasa da gaske wajen sabo. Yaron da ya saba da haka, shi ne gobe ɗalibin da ke gudun malami mai gyara, da ɗan kasuwar da ke tauye wa marar gata mudu, yana rusuna wa mai iko.

Saboda haka, iyaye da malamai, ku tambayi yaranku da wa suka kara, kafin ku tambaye su ko sun ci. Ku koya musu cewa shan kaye a hannun gwani karatu ne, domin a nan mutum yake ganin inda ƙafarsa take da rauni. Su kuma samari su kiyaye lokacinsu, kada wasa ya cinye musu salla da aikin gona. Allah Ya ba mu zuciyar fuskantar na sama da mu da ladabi, da tausaya wa na ƙasa da mu, amin.