Zaman Masu Wuƙa a Gida Ɗaya

Akwai wani kifin teku da masu kiwon kifin ado ke kira tang. Galibi ganye ne abincinsa, amma da wuƙa yake yawo. A gindin wutsiyarsa, dama da hagu, akwai ƙashi mai kaifi kwance cikin kube. In ransa ya ɓaci sai ya juya wa abokin faɗa gefe, ya karkace, ya kaɗa wutsiya, ya yanke shi. Danginsa sun haura iri 80, suna zaune a duwatsun murjani na tekuna masu ɗumi. Akwai rawaya na tsibiran Hawai. Akwai shuɗi mai rawayar wutsiya, wanda fim ɗin yara Finding Nemo ya fito da sunansa a 2003. Akwai mai launin shunayya, da sohal mai zane a jiki, dukansu 'yan Bahar Maliya, ruwan nan da ke tsakanin Jidda da Fot Sudan. Kyansu shi ke ja musu wahala, domin duk wanda ya sa ɗaya a tankin gilashi, ba da jimawa ba zai yi sha'awar na biyu da na uku.

A teku, tang kan wuni yana kiwo. Tun fitowar rana yake bin duwatsu yana tsinkar gansakuka kaɗan-kaɗan har dare, kuma wannan kiwon nasa ne ke hana gansakuka rufe murjani ta kashe shi. Gansakuka ba ta da maiƙo, sai an ci da yawa ake ƙoshi, don haka filin kiwo ba abin wasa ba ne a wurinsa. Wanda yake tsoro a kan filin nan kuwa shi ne mai baki irin nasa. Ƙaramin kifi mai cin nama zai wuce ta gabansa sau ɗari bai ko dube shi ba, amma ya hango mai siffarsa da launinsa, nan take zai buɗe fiffike ya tasam masa. Rawayan Hawai da shunayyan Bahar Maliya ba su taɓa haɗuwa a teku ba, amma jinsinsu ɗaya, jikinsu fale-fale ne mai faɗi, bakinsu dogo, kuma kowanne yana ganin ɗan'uwansa ya san abokin gasa ne.

Duk da haka, a teku faɗan ba ya nisa. Wanda aka fi ƙarfi sai ya ja jiki ya koma wani dutse, maganar ta mutu. Wasu ma haɗuwa suke yi garke guda, ɗaruruwa, su faɗa gonar wani kifi mai tsaron wuri, ya rasa wanda zai kora. A cikin tanki kuwa, wanda aka kora ba shi da wurin zuwa. Yana gudu zai ci karo da gilashi, ya juyo, ya sake faɗawa gaban wanda ya kore shi. Shi kuma mai korar, a fahimtarsa, ya ba da gargaɗi an ƙi ji, sai ya ƙara zafi. Babu mai taurin kai a cikinsu. Mai tankin ne ya toshe hanyar da Allah ya tanadar musu ta raba gardama.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai game da kifayen nan. Mun saba in rigima ta yi yawa a wuri sai mu nemi mai mugun hali mu ɗora masa. Hali kam akwai shi. Sohal yakan kai santimita 40, kuma in ya girma da wuya ya bar wani ya sake a kusa da shi. Amma yawancin faɗan da ke cikin tanki, tun ranar da aka zana zaman aka shuka shi. An sayi tanki gajere, an zuba masu neman abu ɗaya, an ajiye abinci a lungu guda, sannan a dawo ana mamakin kifi ya cika fitina. Gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya, ko malamai aka zuba a ciki sai an ji kansu da asuba, kuma wanda ya kamata a fara tambaya shi ne mai gidan da ya kafa famfon.

Shi ya sa ƙwararru ke fara maganar da tsawon tanki kafin komai. Ga rawaya guda ɗaya tal, akan ba da shawarar wajen lita 380. Ga shuɗi, kusan lita 680, a tankin da tsawonsa ya kai mita 1.8. Tsawon ya fi zurfi muhimmanci, domin kifin mai ninƙaya ne a miƙe. Mai son tara uku ko huɗu, daga wannan girman zai fara lissafi ya yi sama. Sai tsarin duwatsu: a jera su tsibi-tsibi da rata a tsakani, yadda wanda aka biyo zai sha kwana ya ɓace wa ido, domin tang in ya daina ganin abokin gaba yakan koma kiwonsa. Kowanne kuma ya sami raminsa na kwana. Da dare shuɗi kan cusa jikinsa cikin tsagar dutse ya kwanta, rawaya kuwa launinsa ya dushe, wani farin layi ya fito a gefensa. In ramuka ba su kai yawan kifaye ba, da magariba ake yin faɗa mafi muni, daidai lokacin da mai gida ya kashe fitila yana zaton komai lafiya.

Wajen zaɓe, a haɗa waɗanda ba su yi kama ba. Rawaya ɗaya, shuɗi ɗaya, da wani tang mai suna kole, wanda haƙoransa sirara ne yana kankare dattin da ke manne da dutse, kowa da irin abincinsa da irin tafiyarsa. Biyu masu kama da juna su ne haɗi mafi hatsari, tun da duk fushin babban a kan kifi ɗaya zai ƙare. In suna da yawa a babban tanki, fushin na rarrabuwa. Ya fi kyau a zuba su rana ɗaya suna ƙanana, kafin wani ya ce nan nawa ne. In ba hali, mai sanyin hali ya riga shiga, mai zafi ya zo a ƙarshe. Baƙon da ya zo daga baya akan sa shi cikin wani ƙaramin akwati mai ramuka a rataye cikin tankin na 'yan kwanaki, ana ganinsa ba a iya taɓa shi, har idon 'yan gida ya saba. Wasu kan manna madubi a jikin gilashi, babban ya shagala da faɗa da inuwarsa, baƙon ya sami sararin gano ramuka. Dabaru ne na 'yan kwanaki, ba sa ƙara wa tanki ko taƙi ɗaya.

Abinci kuma, busasshen ganyen teku ne, nori, irin wanda Japanawa ke naɗe shinkafa da shi. A maƙala shi wuri biyu ko uku nesa da juna, kullum. Babban ba zai iya gadin duka ba.

Sai maganar cuta, wadda ita ce ke nuna cewa abin da aka yi wa ƙarami ba ya tsayawa a kansa. Tang ya yi suna wajen saurin kamuwa da cutar fararen ɗigo, wadda wata 'yar halitta mai suna Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Takan huda fatar kifi ta ci na 'yan kwanaki, ta faɗo ƙasa ta manne da yashi ko dutse, ta rarrabu zuwa ɗaruruwa, su fashe su bazu cikin ruwa neman jiki. Kifi mai ƙoshin lafiya yakan iya daurewa. Wanda ake kora kullum, ba ci ba barci, shi ne bangon da ya tsage, kuma a jikinsa cutar ke samun gindin zama ta hayayyafa. Mako biyu ko uku, sai a ga ɗigon a jikin sarkin tankin da kansa. Maganin da ya fi ci yana ɗauke da sinadarin tagulla, shi kuwa yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, ba a zuba shi a babban tanki. Dole a kwashe kifayen gaba ɗaya a yi musu magani a wani wuri, a bar tankin ba kifi har kwana 76 kamar yadda masu kiwo da yawa ke yi, don ƙwayoyin su fashe su rasa mai ɗaukarsu su mutu. Killace sabon kifi wata guda kafin ya shiga cikin jama'a ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Ni a ganina, mai tanki bai da ikon cewa kifayensa na zaman lafiya don kawai bai ga jini ba. Babban kullum zai yi kyau. Wanda za a duba shi ne na ƙarshe a layi: cikinsa a cike yake ko ya lotsa, fiffikensa lafiya ko a yage, yana yawo ko'ina ko ya maƙale a saman kwana bayan injin ruwa yana haki. Rai ne mai tsawon kwana. Rawayan tang kan haura shekara 30 a teku. Sai a 2015 aka fara samun nasarar ƙyanƙyashe shi a hannu, a cibiyar Oceanic Institute ta Hawai, shuɗin kuma a 2016 a Jami'ar Fulorida, kuma a 2021 kotu ta tsayar da kamun kifin ado don sayarwa a Hawai, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Iri da yawa har yau daga teku ake ɗauko su, a kwaso su dubban kilomita cikin leda.

'Yar kora da buɗe fiffike a kwanakin farko ba abin tayar da hankali ba ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma in an ga yanka a jiki, ko an kwana uku ƙarami bai kai baki ga ganye ba, jira ya ƙare, a raba su. Galibi babban ya kamata a cire, a ajiye shi mako biyu a tankin killacewa, a sauya wa duwatsu zama, ya dawo a matsayin baƙo. Kama shi aiki ne, wani lokaci sai an fitar da rabin duwatsun, kuma a kula da raga, don wuƙar na sarƙewa a ciki, tana kuma yanka hannu. In ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, a nema wa ɗayansu wani gida.