Hirar Maɗori

Duk wanda ya taɓa raka mai karaya wurin maɗori a ƙauyukan Dutsen Abba, ko a wani lungu na ƙasar Zazzau, ya san ba a fara ɗori da ja. Da hira ake farawa. Maɗori zai ɗora ƙafar a cinyarsa, yana shafawa a hankali, yana tambaya: “Ɗan gidan wa ne kai? Bana masara kuka yi ko dawa? Babur ɗin naka ne ko na haya?” Murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Sai ya ga kafaɗun yaro sun saki, ya shiga ba da labarin yadda akuya ta gitta masa, sannan ya ja ƙashin ya mayar. Ihu dai za a yi, amma bai kai wanda za a yi ba da tun daga zaure aka danne shi.

Ba a aji maɗori ya koyi wannan ba. Gado ne da lura. Jikin da ya tsorata ɗaurewa yake yi, zafi ya ninku, hankalin da aka ja wani wuri kuwa yakan rage wa zafi kaifi.

Likitocin Turai sun yi wa wannan abu tsari, suna kiransa hifnosis. Wani likitan tiyata a Mancesta ta Ingila, James Braid, ya rubuta littafi a kansa a 1843, ƙungiyar likitocin Birtaniya kuma ta amince da amfani da shi a 1955. Babu rufa-ido a ciki, babu tsibbu, ba kuma barci ba ne. Ana zaunar da mara lafiya, a sa ya sassauta numfashi, ya tattara hankalinsa kan abu guda, mai jinya yana yi masa magana a nutse, yana kwatanta masa sanyi ko sauƙi a inda ke ciwo. Yana jin komai, in ya ga dama ya miƙe. Daga baya a koya masa ya riƙa yi wa kansa a gida.

A 1984 Dakta Peter Whorwell ya wallafa bincike a mujallar Lancet kan masu fama da murɗawar hanji da kumburin ciki da suka ƙi jin magani, ya nuna wannan hanya ta sauƙaƙa musu. Wanda ya fi shafarmu shi ne na 1997 a Amurka, inda David Dinges da abokan aikinsa suka koya wa masu sikila yi wa kansu. Kwanakin ciwo sun ragu, amma an fi ganin amfanin a ƙananan tashin ciwo. Babban tashi, mai sa ƙato kuka, sai asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila a Najeriya kowace shekara. Uwar da ɗanta ya tashi da ciwon ƙashi ƙarfe biyun dare cikin hunturu a Dutsen Abba, asibitin koyarwa na Shika na can ɗaya gefen Zariya, ba kuma kowa ke da abin hawa ba. Abin da za ta yi kafin gari ya waye ba ƙarami ba ne: ta ba shi maganin da likita ya rubuta, ta ɗura masa ruwa da yawa, ta lulluɓe shi, sannan ta zauna ta ja shi da hira. Sallallami da kuka a kansa ƙara ɗaure masa jiki suke yi.

Sai dai a lura da sauran aikin maɗori. In ya gama hira yakan jera kara ya ɗaure ƙafar, ya hana takawa har makonni. Da hira kaɗai ya yi ya sallami yaro, da gurgu ya mayar gida. A nan ne nake jin tsoron wannan magana, domin da zarar mutanenmu sun ji cewa magana na rage ciwo, sai su ce ashe dama a rai yake. Wanda ya fi shan wannan ƙazafi shi ne mai doguwar gajiya. Ba shi da ɗauri a ƙafa, ba shi da kumburi. Makon farko ana zuwa dubiya da lemo, bayan wata biyu kishiya ta fara cewa son jiki ne, dattawa su ce sammu ne.

Gajiyar da ta ƙi tafiya awo take buƙata tukuna. Ƙarancin jini na kawo ta, haka ciwon suga, ciwon hanta da tarin fuka, wanda cibiyar Saye da ke gefen Zariya ta daɗe tana aiki a kansa, maganinsa kuma kyauta ne na wata shida. Akwai kuma wata cutar gajiya mai zaman kanta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan jijiyoyi tun 1969. Sau da yawa takan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani, an kuma ga irinta sosai bayan korona. Alamarta ita ce mutum ya yi ɗan aiki yau, shara ko zuwa kasuwa, gobe ko jibi ya kwanta warwas. A 2021 hukumar tsara jinya ta Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa masu wannan cuta motsa jiki mataki-mataki, ta ce jinyar magana ba ta warkar da cutar, taimako kawai take yi wajen zama da ita. Abin da ta fi ƙarfafawa shi ne mutum ya san iyakar ƙarfinsa, ya tsaya kafin ya ƙure shi.

To, nutsuwar da ake koyarwa za ta iya kawo barci, ta rage fargaba, ta sassauta zafi. Ba ta ƙara jini, ba ta kashe ƙwayar tari. Mai sikila kuwa, in zazzaɓi ya shigo, ko ƙirji ya riƙe, ko ido ya yi fari fat, a ajiye hira a nemi mota ko da tsakar dare ne.