Haƙuri da Abokin Aiki: Ina Iyakarsa?

Masu iya magana sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a makarantun koyon aikin injiniya. Can malamai sukan haɗa ɗalibai huɗu ko biyar, su ba su aiki guda, kamar zanen gada, da gangan kuwa ba sa barin kowa ya zaɓi abokansa. A cikin ƙungiya ba a rasa malalaci, ko mai girman kai wanda ba ya jin shawara. To, me ya wajaba ga sauran, su yi shiru don a zauna lafiya, ko su faɗa?

Wani abu da ya faru a Kanada ya isa amsa. A shekarar 1907 ana gina wata babbar gada ta ƙarfe a kan kogi kusa da birnin Kwibek. Babban injiniyan, Theodore Cooper, ya shahara ƙwarai, maganarsa ita ce yanke hukunci. Ya sa aka ƙara tazarar tsakiyar gadar daga ƙafa 1,600 zuwa 1,800, amma ba a sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba. Da ƙarafa suka soma lanƙwasa, wani saurayin injiniya ya tafi har Niyok ya gaya masa. Kafin a tsai da aiki, ran 29 ga Agusta, gada ta rushe, mutum 75 suka hallaka.

Ashe haƙuri iri biyu ne. Akwai haƙuri da halin mutum, watau zafin ransa ko nawarsa, wannan kuwa abin yabo ne. Akwai kuma haƙuri da kuskuren lissafinsa, wannan ba haƙuri ba ne, cin amanar waɗanda za su bi ta kan gadar ne.

Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya fara samun abokinsa a keɓe, ya tambaye shi damuwarsa, don wani lalacin rashin fahimta ne, kunya ta hana shi faɗi. Ya soki aikin, kada ya taɓa mutuncin mai shi. In abin ya faskara, sa'an nan a kai wa malami. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ƙarfe kuwa ba ya jin kunyar kowa.