Alhakin Hayaƙin Birni a Ma'aunin Fiƙihu

Malaman fiƙihu na dā sun ɗauki hanyar da jama'a ke bi a matsayin dukiyar tarayya, wato abin da kowa ke da ikon amfana da shi alhali babu wanda ya mallake shi shi kaɗai, kuma a kan wannan tushe suka gina hukunce-hukunce masu yawa game da mahayin dabba, da mai kasa kaya a bakin hanya, da mai ginin da ya ci wani yanki na lungu. Sharaɗin da suka gindaya wa mai wucewa shi ne sauran mutane su kuɓuta daga sharrinsa, shi ya sa Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa har yau, ta ɗora lamuni, wato biyan abin da aka ɓata, a kan mahayin dabba da mai janta da mai kora ta idan ta taka wani abu. Wannan hukunci yana sauka a kan direban mota cikin sauƙi idan ya buge mutum, domin an san wanda ya yi ɓarnar, an kuma san wanda aka yi wa. Matsalar da ta fi wuyar warwarewa ita ce ta cutar da ke fitowa daga dubban motoci a lokaci guda, kowacce da ɗan hayaƙinta da bai isa ya kwantar da kowa ba, amma idan suka taru sai iskar birni ta zama sanadin ciwo da mutuwa. Wa ke ɗauke da alhaki a nan, tun da kowane direba yana iya rantsuwa, kuma da gaskiyarsa, cewa bai cuci kowa ba?

Cutar kanta tabbatacciya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 4.2 a shekarar 2019, kuma ko da yake masana'antu da injinan janareta da ƙona shara duk suna da nasu kason, hayaƙin ababen hawa ya fi kusa da hancin mutane, domin a daidai inda suke tafiya da saye da sayarwa yake fita. Abin da ya fi illa a cikinsa shi ne wasu ƙwayoyin ƙura masu tsananin ƙanƙanta da ido ba ya gani, waɗanda ke ratsa huhu su shiga jini. A Landan, wata yarinya 'yar shekara tara mai suna Ella Adoo-Kissi-Debrah, wadda gidansu ke kusa da wani babban titi mai cunkoso, ta rasu a 2013 bayan fama da asma, kuma a watan Disamba na 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe ta. Ban da wannan, sufuri yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da duniya ke fitarwa ta hanyar ƙona makamashi, wato iskar da ke riƙe zafin rana a sararin samaniya har yanayi ya ɗumama.

Hayaƙi tsohon batu ne a kotunan Musulmi. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda asalinta hadisi ne da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ita ce alƙalan Magrib da Andalus suka riƙa aiki da ita wajen raba gardama tsakanin maƙwabta, kuma Ibn Rami, wani gwanin magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14 yana taya alƙalai duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa kan dokokin gini. A ciki akwai batun hayaƙin gidajen wanka da na tanderun burodi, da warin majema, da ƙarar da ke girgiza bangon maƙwabci. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sabuwar cuta, wadda ake hana mai ita nan take, da tsohuwar cuta, wadda mutane suka tarar ko suka yi shiru a kanta shekaru masu yawa har mai ita ya sami hujjar ci gaba. Da a kan wannan rabe-raben kaɗai aka tsaya, da mai mota ya ce hayaƙinsa ya daɗe, birni ya saba da shi. Sai dai wasu daga cikin malaman mazhabar sun ƙara wani ƙaidi mai zurfi, cewa cutar da ke ƙaruwa da tafiyar zamani, irin ta majema da masai, daɗewarta ba ta halatta ta, domin wanda ya yi shiru jiya bai yi shiru a kan abin da ya ninka yau ba. Hayaƙin motoci a biranen da ke kumbura kullum, kamar Legas da Alƙahira da Kano, ya faɗa cikin wannan rukuni sarai.

Duk da haka tanderu yana da mai shi, ana iya kiransa gaban alƙali, hayaƙin birni kuwa ba shi da ubangida ɗaya. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne ba za a ce mutumin da ya hau motarsa ya kai iyalinsa asibiti ko ya je wurin neman abincinsa ya aikata haram ba, musamman idan birnin bai tanadar masa wata hanya ba. Amma rashin samun wanda za a kama ba ya shafe wajibcin kawar da cutar. Abin da yake yi shi ne ya mayar da wajibcin faralu kifaya, wato farillar da ke kan al'umma gaba ɗaya, wadda idan wasu suka tsaya mata sauran sun huta, idan kuma aka bar ta kowa ya ɗauki rabonsa na laifi. Farillar da ba ta yiwuwa sai da dukiyar baitulmali da ikon tsara gari, kamar shimfiɗa layin dogo ko ware wa motocin bas layinsu, nauyinta na farko yana wuyan hukuma, kuma sananniyar ƙa'ida ce cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa ana auna ingancinsa da maslaha, wato amfanin da ya game jama'a.

Da wannan ma'auni za a duba yadda ake rabon titi. Hadisi ya nuna cewa idan aka yi saɓani kan faɗin hanya a sanya ta kamu bakwai, abin da ke nuna cewa faɗin hanya lamari ne na shari'a da ake yankewa don kowa ya wuce. Motar gida mai ɗauke da mutum ɗaya ko biyu tana cin filin da mutane da yawa za su wuce ta cikinsa a ƙafa ko a keke, babbar bas ɗaya kuwa tana kwashe mutanen da za su cika motoci masu yawa; idan aka zuba mafi yawan kuɗin ayyuka a gadojin sama da faɗaɗa titi a birnin da mafi yawan mazaunansa ba su da mota, an ɗauki dukiyar tarayya an fifita 'yan kaɗan da ita, an bar wa sauran hayaƙi da haɗarin tsallaka titi. Ko shi mai motar ribarsa ba ta kai yadda yake zato ba. Ivan Illich, wani masanin falsafa haifaffen Biyana, ya lissafa a 1974 cewa idan aka haɗa lokacin tuƙi da na neman wurin ajiye mota da na aikin da ake yi don biyan kuɗinta, Ba'amurke yana kashe awa 1,600 a shekara don ya yi tafiyar mil 7,500, wato ƙasa da mil biyar a awa, saurin da mai keke ya fi shi.

An gwada wata hanyar, ta kuma yi aiki. Birnin Kuritiba na Brazil ya keɓe wa bas layin kansa tun 1974, Bogota ta Kolambiya ta bi sahu a 2000, kuma a ranakun Lahadi takan rufe fiye da kilomita 100 na titunanta ga motoci don masu keke da masu tafiya a ƙasa. Legas ta fara nata layin bas a 2008, Dakar ta ƙaddamar da nata mai aiki da lantarki a 2024. Misalin da ya fi kusa da zuciyar Musulmi kuwa yana ƙasa mai tsarki: tun 2010 jirgin ƙasa mai lantarki yana zirga-zirga a kan layi mai tsawon kimanin kilomita 18 tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, an tsara shi ya ɗauki alhazai 72,000 a awa guda, kuma ana hana ƙananan motoci shiga waɗannan wurare a kwanakin aikin Hajji. Musulmi sun karɓi wannan taƙaitawa, domin kowa ya ga cewa da an bar kowane alhaji ya shiga da motarsa da mutane da yawa sun rasa tsayuwar Arfa. Hujjar da ta halatta taƙaita mubahi, wato abin da shari'a ta bar wa mutum zaɓi a kansa, a kwarin Mina ita ce za ta halatta shi a kowane birnin da cunkoso ya kai ga cutarwa.

Ita kuwa motar gida mai lantarki, wadda za a iya ɗauka a matsayin mafita, tana rage hayaƙin bakin titi, amma filin da take ci bai ragu ba, kuɗinta ma ya fi ƙarfin talaka, don haka rabin matsalar kawai ta taɓa.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurara da kyau. A garuruwan Sahel zafin bazara yakan haura digiri 40, tsoho da mai ciki da mara lafiya ba za su iya doguwar tafiya a rana ba, kuma mace tana da haƙƙin a kare mutuncinta daga matsatsin maza a cikin abin hawa. Wannan damuwar ce ma ta sa aka shigo da adaidaita sahu Kano a shekarun 2000 don ɗaukar mata, kafin ya zama abin hawan kowa bayan hana achaba a 2013. Waɗannan dalilai suna ƙara wa hukuma nauyi ne, domin sufurin jama'ar da zai sauke farillar dole ya zo da bishiyoyi da rumfuna a tashoshi, da wurin zaman mata da tsofaffi, da dakalin masu tafiya a ƙasa wanda motoci da 'yan tireda ba su mamaye ba, da kuɗin mota da ma'aikaci mai ƙaramin albashi zai iya biya, musamman tun da cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023 ya mayar da zuwa wurin aiki babban nauyi a kan iyalai. Bas mai datti da ba a san lokacin zuwanta ba ba ta kafa hujja a kan mai mota.

Ranar da aka samar da abin hawa mai tsabta da aminci, hukuncin mutum ɗaya ma yana sauyawa, domin uzurinsa ya ragu, kuma fitowa da babbar mota don tafiyar da ƙafa ke iya yi, saboda kawai a gan shi a ciki, ta kusanci almubazzaranci da alfaharin da addini ya yi hani da su. A shekarar 2015 Fafaroma Francis ya yi kira a fifita sufurin jama'a a wasiƙarsa kan muhalli, malaman Musulunci da suka taru a Istanbul kuma suka fitar da sanarwa kan sauyin yanayi, amma wannan magana ba ta sauko sosai zuwa mumbarin Juma'a da zauren karatu ba. Ya kamata malaman da ke karantar da babin lamuni da babin cutar maƙwabci su faɗa wa masu mulki a fili cewa rabon titi amana ce da za a tambaye su a kanta, su kuma faɗa wa masu hali cewa hawa bas tare da talaka ba ya rage darajar kowa.