Bashi Ya Sauya Hannu, Bai Mutu Ba

A Ingila da Amurka magidanci kan kwashe bashin da ke kan katinsa na banki, ya mayar da shi kan wani katin da ruwa ba ya hawa na wasu watanni. Mu ma a ƙasar Funtuwa da Malumfashi mun san irin wannan. Manomi ya ci bashin taki da damina, ruwa yana ta hawa, sai ɗan'uwa a ikilisiya ya ba shi rance ba ruwa ya biya wancan, a kan zai mayar da kaka.

Wannan jinƙai ne. Amma mutumin ya fita daga bashi ke nan? A'a, ruwan aka sauke masa, uwar kuɗi tana nan. Da mai bin bashi ya daina sallama a ƙofar gida, zuciya takan saki jiki. A sayar da masara da auduga, kuɗin ya tafi ga biki, a manta da ɗan'uwa mai kunyar tambaya.

A 2 Sarakuna sura 4, da man gwauruwar nan ya yalwata, Elisha ya umarce ta ta sayar ta biya bashi tukuna, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci saura. Albarka ba ta shafe hakki ba, hanyar sauke shi ta buɗe.

Saboda haka, ranar da buhunanka na farko suka shiga kasuwa, ka fara da ƙofar wanda ya tausaya maka. In ka mayar, baɗi wani zai samu. Ubangiji ya same mu da aminci. Amin.